Yadda Ake Gyara Kundin Tsarin Mulki Don Sauya Ranar Babban Zaɓe a Najeriya

Da wuya babban zaɓe ya ƙarato a Najeriya ba a ji wani ɗan majalisa ko wata ƙungiya ta ce a matso da ranar zuwa Nuwamba, ko a haɗa dukkan zaɓuka a rana guda, ko a tsara lokacin yadda za a gama shari'a kafin a rantsar da kowa ba. Duk wanda ya ɗauki wannan magana da gaske, ko ɗan majalisa ne, ko lauyan da aka ba aikin rubuta ƙudirin, ko wakilin ƙungiyar farar hula, abin da ya kamata ya fara sani shi ne kundin tsarin mulkin 1999 bai rubuta wata rana ta musamman ya ce ita ce ranar zaɓe ba. Abin da ya yi shi ne ya ba Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta, INEC, ikon tsayar da ranar, sannan ya kafa mata iyaka guda biyu: ba za a yi zaɓe ba sai ya rage kwana 150 ko ƙasa da haka wa'adin mai riƙe da kujera ya cika, kuma dole a yi shi aƙalla kwana 30 kafin cikar wa'adin. Sashe na 132 ne ya faɗi haka game da shugaban ƙasa, na 178 game da gwamna, na 76 game da Majalisar Tarayya, na 116 kuma game da majalisun jihohi. Tun da ranar 29 ga Mayu ake rantsar da shugaban ƙasa da yawancin gwamnoni, filin da aka bar wa hukumar ya kama daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Afrilu.

Saboda haka aikin farko shi ne a tantance ko ma ana buƙatar taɓa kundin. Idan ranar da ake so tana cikin waɗannan watanni huɗu, babu dalilin wahalar da kai, domin hukumar zaɓe na iya sauya ta da sanarwa kawai, kuma ta sha yin haka. A 2015 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda yaƙin da ake yi da Boko Haram a arewa maso gabas. A 2019 an ɗage shi da mako guda, daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, kuma sanarwar ta fito ne cikin daren da za a wayi gari a yi zaɓe, bayan mutane sun riga sun cika motocin haya sun koma garuruwansu da katin zaɓe a aljihu, masu yi wa ƙasa hidima sun kwana a kan tabarmi da benci suna jiran kayan aiki, masu ɗaurin aure kuma sun tura bikinsu zuwa Asabar ta gaba, wadda ita ce ta koma ranar zaɓe. A 2023 ma zaɓen gwamnoni ya tashi daga 11 zuwa 18 ga Maris. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci gyaran ko harafi guda na kundin. Amma da zarar an ce Nuwamba, ko Oktoba, ko wani lokaci bayan Afrilu, an fita daga hurumin hukumar, kuma dokar zaɓe ta yau da kullum ba za ta iya yin aikin ba, domin sashe na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ba ta da tasiri gwargwadon cin karon.

Lissafin kwanaki kafin rubuta komai

Kafin a rubuta layi ɗaya na ƙudiri, a ɗauki kalanda da fensir a ƙirga kwanaki da baya daga ranar rantsarwa. A nan ne mafi yawan masu kawo shawara ke tuntuɓe, domin ranar zaɓe a ɗaure take da wasu wa'adoji da dama, kuma in an ja ɗaya sauran na biyowa.

Babban dalilin da ake bayarwa na matso da zaɓe shi ne a gama shari'a kafin rantsarwa, kuma ba sabuwar magana ba ce, tun da kwamitin gyaran harkar zaɓe da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais ya ba da wannan shawara a rahotonsa na 2008. Abin da ya faru a 2023 ya isa misali. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, aka rantsar da Bola Tinubu ranar 29 ga Mayu, kotun farko ta yanke hukunci ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli kuma ba ta rufe maganar ba sai 26 ga Oktoba. A Kano abin ya fi haka jan lokaci: zaɓe ranar 18 ga Maris, hukuncin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a Satumba, na Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nuwamba, na Kotun Ƙoli ranar 12 ga Janairun 2024, wato gwamna ya shafe fiye da wata bakwai a kan kujera jama'ar jiha ba su san ko zai ci gaba da zama a kanta ba.

To sai dai sashe na 285 ya ba mai ƙara kwana 21 ya shigar da ita, ya ba kotun farko kwana 180, ya ba kowane mataki na ɗaukaka ƙara kwana 60. Idan aka haɗa, shari'ar shugaban ƙasa na iya cin kwana 261, ta gwamna kuma, mai hawa uku, kwana 321. Ko da an yi zaɓe a rana mafi nisa da kundin ya yarda, kwana 150 ne kawai a hannu. Ke nan wanda ya gyara sashe na 132 ya bar na 285 yadda yake bai yi komai ba, ya dai matsar da matsalar daga wani wata zuwa wani. Shi ya sa shawarar da kwamitocin zaɓe na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka gabatar a Oktoban 2025, ta a riƙa yin zaɓe kwana 185 kafin cikar wa'adi, ta zo tare da neman rage kwanakin kotun farko daga 180 zuwa 90. Kenya ta bi wata hanya dabam: kundinta na 2010 ya ba mai ƙarar zaɓen shugaban ƙasa kwana 7, ya ba Kotun Ƙoli kwana 14, kuma ba a rantsarwa sai an yanke hukunci, wanda ta haka ne aka soke zaɓen 2017 tun kafin a kai ga rantsuwa. A ganina kwana 14 sun yi kaɗan ga ƙasa mai rumfunan zaɓe 176,846, amma darasin yana nan, cewa rage tsawon shari'a wani lokaci ya fi matsar da ranar zaɓe sauƙi.

A cikin lissafin a saka zagaye na biyu, wanda sashe na 134 ya ba kwana 21. A saka kuma wa'adojin dokar zaɓe, domin dokar 2022, kafin a maye gurbinta a 2026, ta tanadi a fitar da sanarwar zaɓe kwana 360 kafin ranar, jam'iyyu su miƙa sunayen 'yan takara kwana 180 kafin ta, a buɗe yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ta. Duk wanda ya jawo zaɓe zuwa Nuwamba ya jawo zaɓen fid da gwani zuwa farkon shekara ta huɗu ta mulki ko ma kafin haka, kuma kowa ya san abin da ke samun aikin gwamnati da zarar an buga gangar siyasa. Sannan akwai ɗaya gefen: shugaban da ya faɗi zaɓe a Nuwamba zai ci gaba da riƙe baitulmali, da naɗe-naɗe, da sa hannu a kwangila har ƙarshen Mayu. Wata shida lokaci ne mai tsawo ga mutumin da ya san tafiya zai yi. Idan ƙudirin bai zo da dokar miƙa mulki da za ta taƙaita abin da gwamnati mai barin gado ke iya yi ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sauran abubuwan dubawa na yanayi ne da rayuwar jama'a. Damina ba lokacin zaɓe ba ce, domin hanyoyin karkara na yankewa, manomi kuma ba zai bar gona ya je layi ba. Nuwamba kaka ce a Arewa, amma ruwa ya ɗauke. Azumi da aikin Hajji na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka babu ranar da za a kafa ta dindindin da ba za ta taɓa haɗuwa da su ba. A 2017 hukumar zaɓe ta ce za ta riƙa yin zaɓen shugaban ƙasa a Asabar ta uku ta Fabrairu, kuma a lissafin 2027 wannan Asabar, 20 ga wata, cikin Ramadan take faɗowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa na fi son a bar wa hukumar fili na 'yan makonni a kan a rubuta rana guda a cikin kundi.

Rubuta ƙudirin

Ƙudirin ya kasance gajere, ya tsaya a kan magana ɗaya, ya ambaci kowane sashe da zai taɓa da kalmomin da za a cire da waɗanda za a saka. Majalisar Tarayya ta bakwai ta koyi wannan darasi da tsada, domin ta tara gyare-gyare masu yawa a ƙudiri guda, har da cire buƙatar sa hannun shugaban ƙasa, Goodluck Jonathan ya ƙi rattaba hannu a 2015, gwamnati ta kai ƙara Kotun Ƙoli, majalisar ta kammala wa'adinta, aikin shekaru ya bi ruwa. Tun daga nan ake raba kowane gyara a ƙudirinsa, yadda faɗuwar wani ba za ta ja wani ba.

Wajibi ne kuma ƙudirin ya faɗi ƙarara cewa bai ƙara wa kowa ko kwana ɗaya a kan wa'adinsa ba. Sashe na 135 da na 180 sun ba shugaban ƙasa da gwamna shekara huɗu daga ranar rantsuwa, kuma hanyar tsawaitawa ɗaya ce kawai, idan ƙasa na cikin yaƙi, shi ma wata shida a lokaci guda. Mutanen wannan yanki wanda maciji ya sara ne, in sun ga baƙin tsumma sai su ja da baya. Ba a manta da yunƙurin wa'adi na uku na zamanin Olusegun Obasanjo ba, wanda Majalisar Dattawa ta binne ranar 16 ga Mayun 2006 tare da duk sauran gyare-gyaren da aka ɗauro shi da su. A maƙwabciyarmu Nijar, ƙuri'ar raba gardamar tazarce ta Tandja Mamadou a Agustan 2009 ta ƙara masa shekara uku a takarda, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. A Senegal majalisa ta amince a 2024 a kai zaɓen 25 ga Fabrairu zuwa 15 ga Disamba, kotun tsarin mulki ta soke matakin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris. Da zarar jama'a sun ji ƙamshin lauje cikin naɗi, ƙudiri ya mutu ko da niyyar mai shi kyakkyawa ce. Hanya mafi tsabta ita ce a rubuta cewa gyaran zai fara aiki ne daga zaɓen da ke bayan mai zuwa, lokacin da masu kaɗa ƙuri'a a kansa ba su san wanda zai amfana ba. A kuma tuna da jihohi takwas da hukuncin kotu ya raba zaɓen gwamnoninsu da na sauran, wato Anambra, Bayelsa, Edo, Ekiti, Imo, Kogi, Ondo da Osun, domin sabon lissafin zai hau kansu daga ranar rantsuwar kowannensu.

A zauren majalisa

Kowane sanata ko ɗan Majalisar Wakilai na iya gabatar da ƙudirin, haka ma ɓangaren zartarwa. Bayan karatu na ɗaya da na biyu ana miƙa shi ga kwamitin gyaran tsarin mulki, wanda bisa al'ada mataimakin shugaban Majalisar Dattawa da mataimakin kakakin Majalisar Wakilai ke jagoranta, kowa a zaurensa. Kwamitin kan zaga shiyyoyi shida jin ra'ayin jama'a, kuma nan ce damar da ƙungiya ko mutum guda ke da ita ta miƙa takarda a rubuce. Takardar da ta zo da lissafin kwanaki da kalmomin da ake so a saka ta fi dogon jawabi amfani.

Ranar ƙuri'a ita ce ranar gaskiya. Sashe na 9 ya buƙaci kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa, kuma ya fayyace cewa da cikakken adadin kujeru ake lissafi ko da wata kujera babu kowa a kanta. Wato sanatoci 73 cikin 109, da wakilai 240 cikin 360. Ba a yi da murya, a ce masu “eh” sun rinjaya a buga guduma. Ana ƙirga ƙuri'un ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya tafi asibiti, ko ya yi tafiya, ko ya fita amsa waya lokacin da aka zo kan ƙudirin, daidai yake da wanda ya ce a'a. Ranar 1 ga Maris 2022 an kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirori 68, kuma 44 ne suka tsallake. Sassan da suka shafi ranar zaɓe ba sa cikin masu buƙatar kashi huɗu bisa biyar, domin wannan na sashe na 8 ne, da na 9 kansa, da babin 'yancin ɗan Adam. Dole kuma majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya, in an samu bambanci sai kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita.

Ghana ta nuna yadda wannan lissafi ke kayar da ƙudirin da kowa ya yarda da manufarsa. A can ana zaɓe ranar 7 ga Disamba a rantsar ranar 7 ga Janairu, kuma a zaɓen 2008 an yi zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba, aka ƙarasa da mazaɓar Tain ranar 2 ga Janairu, John Atta Mills ya sha rantsuwa kwana huɗu bayan an bayyana shi. Don kauce wa irin wannan aka kawo ƙudirin mayar da zaɓe Litinin ta farko ta Nuwamba. Manyan jam'iyyun biyu ba su musa amfaninsa ba. Amma an kawo shi ne a shekarar zaɓe, 'yan jam'iyyar adawa ta NPP suka ce hukumar zaɓe ba ta shirya ba, kuma ranar 21 ga Yulin 2016 aka samu ƙuri'a 125 da 95, alhali 184 ake nema cikin 275. A Kenya ma ƙudirin ɗan majalisa Chris Wamalwa na kai zaɓe daga Agusta zuwa Disamba ya gaza samun ƙuri'a 233 da ake buƙata a 2018. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 ma ta hana yin babban sauyi a dokokin zaɓe cikin wata shida kafin zaɓe, sai da yardar mafi yawan masu ruwa da tsaki a siyasa.

Jihohi, sa hannu, da abin da ke biyo baya

Idan ƙudiri ya tsallake Abuja, Akawun Majalisar Tarayya zai aika shi ga majalisun dokokin jihohi 36, kuma ana buƙatar amincewar 24. Ba su da ikon sauya kalma, eh ko a'a kawai za su ce, kuma kundin bai ɗora musu wa'adi ba. A nan ƙudirori ke kwana. Waɗanda aka aika musu a Maris 2022 sai a Janairun 2023 aka tattara amsa, 35 suka samu amincewa, na 'yancin ƙananan hukumomi ya faɗi. Ba sai an ɓoye ba, a yawancin jihohi abin da gwamna ya so shi majalisa ke yi, don haka mai neman gyara ya fara da gwamnoni da taron kakakin majalisun jihohi tun kafin a kaɗa ƙuri'a a Abuja. Babu ƙuri'ar raba gardama a wannan hanya, saɓanin Ghana inda wasu sassa na musamman ke buƙatar kashi 40 cikin 100 na masu rajista su fito, kashi 75 na waɗanda suka fito su amince.

Daga nan sai teburin shugaban ƙasa. An taɓa jayayya ko sa hannunsa wajibi ne, har lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke a Nuwamban 2010 cewa wajibi ne. Wannan shari'a ta taso ne a kan gyaran da ya fi kowane kusa da maganarmu. A tsakiyar 2010 majalisa ta sauya iyakar daga tsakanin kwana 60 da 30 zuwa tsakanin kwana 150 da 120, don a yi zaɓe a Janairun 2011 a samu lokacin shari'a. Farfesa Attahiru Jega, wanda bai daɗe da kama aikin shugabancin hukumar zaɓe ba, ya ce ba zai yiwu a yi sabuwar rajistar masu zaɓe kafin lokacin ba. Dole aka sake bin hanyar tun daga farko cikin 'yan watanni, aka mayar da 120 zuwa 30, Jonathan ya sa hannu a gyare-gyaren ranar 10 ga Janairun 2011, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu. An gyara sashe ɗaya sau biyu a shekara guda saboda an tsayar da rana ba tare da an tabbatar masu aikin za su iya ba. Saboda haka a nemi ra'ayin hukumar zaɓe a rubuce, da na ɓangaren shari'a a kan rage kwanakin kotu, a haɗa su da ƙudirin tun a matakin kwamiti.

Amincewar jihohi ba ta tilasta sa hannu, domin cikin ƙudirori 35 da aka kai wa Muhammadu Buhari, 16 ya rattaba wa hannu a Maris 2023. Idan shugaban ƙasa ya ƙi ko ya yi shiru har kwana 30, sashe na 58 ya ba majalisun biyu damar sake zartar da ƙudiri da kashi biyu bisa uku ya zama doka. Bayan sa hannu ana buga gyaran a jaridar gwamnati, a gyara dokar zaɓe ta dace da sabuwar iyakar, a matso da kuɗin hukumar a kasafi, tun da ko tsohuwar dokar 2022 ta ce a sakar mata su shekara guda kafin zaɓe, sannan hukumar ta fitar da sabon jadawali wanda jam'iyyu za su bi wajen tsayar da ranakun fid da gwani.